Kamun Ƙafa a Majalisar Amurka: Haramtawa Ko Ɗaure Masa Ƙafa?

Yau za mu leƙa birnin Washington ne, mu duba wata muhawara da Amurkawa suka daɗe suna yi: shin ya dace a haramta wa kamfanoni da ƙungiyoyi zuwa majalisa kamun ƙafa don a ware musu wani abu daga kuɗin harajin jama'a?

A can, kamun ƙafa sana'a ce mai rajista, da ofisoshi da albashi. Akwai titi guda a Washington, K Street, wanda sunansa ya zama laƙabin sana'ar baki ɗaya. Masu rajista sun haura 12,000, alhali 'yan majalisun biyu duka 535 ne, wato kowane ɗan majalisa akwai sama da mutum 20 da ke jiran ya fito. A shekarar 2023 kuɗin da aka bayyana an kashe a wannan harka ya zarce dala biliyan 4. Ɗan kasuwa kuwa ba ya zuba irin wannan dukiya sai ya san abin da zai kwasa ya fi wanda ya zuba.

Mu ɗauki misali ɗaya mu zauna a kansa. A 2003 majalisa ta yi dokar da ta sa shirin Medicare, wato inshorar lafiyar tsofaffi, ya fara biyan kuɗin magunguna. Abu mai kyau, babu mai musu. Sai dai an cusa wani sashe a ciki da ya hana gwamnati yin ciniki da kamfanonin magani a kan farashi. Ku duba fa: mai sayen da ya fi kowa yawan saye a kasuwa, an ce masa ba shi da ikon cewa “a rage mini”. Ko a Kantin Kwari aka yi wa ɗan sari haka, ai sai ya tambayi wanda ya kitsa. An kaɗa ƙuri'ar majalisar wakilai da tsakar dare, aka bar ta a buɗe kusan awa uku ana lallashi da matsa lamba, har dokar ta wuce da ƙuri'a 220 a kan 215. Billy Tauzin, shugaban kwamitin da ya taka babbar rawa wajen tsara dokar, yana barin majalisa a farkon 2005 ya zama shugaban PhRMA, ƙungiyar kamfanonin maganin, a kan albashin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 2 a shekara. Bai karya wata doka ba, kuma nan ne abin takaicin yake. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba Medicare damar cinikin farashin wasu magunguna kaɗan. Kusan shekara 20 ke nan.

Me ya sa jama'a ba su tashi ba? Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya yi bayanin wannan tun 1965 a littafinsa The Logic of Collective Action, kuma lissafin mai sauƙi ne. Amurkawa sun haura miliyan 330. A cire wa kowa dala ɗaya, ba wanda zai ji a jikinsa, balle ya bar aikinsa ya tafi Washington ƙorafi. Amma in aka tara dalolin nan aka miƙa wa kamfanoni biyar, kowanne ya samu abin da zai ɗauki lauyoyi goma su tare a ƙofar majalisa shekara da shekaru. Wanda aka cuta bai san an cuce shi ba, wanda ya ci kuwa ba ya barci.

To, wanda ya ji wannan zai ce a haramta kawai a huta. Mu dai ba mu tare da wannan ra'ayi, kuma ga dalilinmu.

A 1971 wani mai ciwon ƙoda, Shep Glazer, ya bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai aka jona shi da na'urar wankin ƙoda a gaban idon 'yan majalisa. A lokacin, wanda ba shi da kuɗin wankin ƙoda mutuwa kawai yake jira. A 1972 aka sa masu wannan ciwo cikin Medicare. Abin da Glazer ya yi kamun ƙafa ne, don amfanin wani rukuni na musamman, kuma daga kuɗin haraji. Haka ma 'yan kwana-kwana da sauran masu aikin ceto da suka shaƙi ƙurar gine-ginen da suka rushe ranar 11 ga Satumba 2001, suka yi ta safa da marwa a majalisa, wasu a keken guragu, kafin a tsawaita asusun biyansu diyya a 2019. Duk dokar da za a rubuta ta ce “an haramta neman wani amfani daga baitulmali”, da waɗannan za ta fara. Ku gwada rubuta jimlar da za ta kama PhRMA ta kuma ƙyale Glazer, ku da sana'arku ita ce jimla. Za ku ga ba ta rubutuwa cikin sauƙi, domin kowa a bakinsa maslahar jama'a yake nema.

Ga kuma tsarin mulkinsu. Gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kai kokensa ga gwamnati, don haka dokar haramci ba za ta kai labari a kotu ba. Ko da ta kai, mai kuɗi ba ya rasa hanya. Zai gayyaci sanata liyafa, zai ɗauki nauyin wata cibiyar bincike ta fito da rahoton da yake so, zai kira a waya. Talaka ne ba shi da ƙofar baya. An ma ga irin haka: bayan surutun da aka yi kan gadar tsibirin Gravina a Alaska, wadda aka yi wa laƙabi da gadar da ba ta zuwa ko'ina, majalisa ta dakatar da tsarin ware wa mazaɓu kuɗin ayyuka kai tsaye a 2011. Roƙon bai tsaya ba, sai ya koma wasiƙu da wayoyi zuwa ma'aikatu, inda ba mai gani. A 2021 suka dawo da tsarin, da sharaɗin kowane ɗan majalisa ya wallafa abin da ya nema da sunansa.

Abin da muke ganin ya cancanci haramci shi ne cinikin da ke bayan roƙon. Babbar ƙofar ɓarna ita ce wadda Tauzin ya bi: yau kana rubuta doka, gobe kana karɓar albashi daga wanda dokar ta amfana. Bayan badaƙalar Jack Abramoff, wanda ya amsa laifinsa a 2006 ya tafi kurkuku, an yi dokar 2007 da ta sa sanata ya jira shekara biyu kafin ya koma majalisa kamun ƙafa, ɗan majalisar wakilai kuma aka bar shi a shekara ɗaya. Shekara ɗaya ai hutun ƙarshen aiki ne. Kanada ta sa shekara biyar tun 2008, kuma a dokar ƙasa take. Amurka ta gwada shekara biyar ga jami'an gwamnati ta hanyar umarnin shugaban ƙasa a 2017, amma Donald Trump da ya sa hannu shi ya soke abinsa a Janairun 2021, yana dab da barin ofis. Abin da alƙalami ɗaya ya rubuta, alƙalami ɗaya ke gogewa.

Sai kuma ramin da ke cikin dokar rajista ta 1995. Ba a ɗaukar mutum a matsayin mai kamun ƙafa sai in harkar ta cinye kashi 20 cikin 100 na lokacin da yake wa mai gidansa aiki. Saboda haka tsofaffin 'yan majalisa sukan kira kansu “masu ba da shawara”, su yi aikin, ba su a kowane kundi. A toshe wannan. Duk wanda aka biya don ya nemi kuɗin jama'a, a san sunansa, da wanda ya biya shi, da wanda ya gana da shi, da sashen dokar da ya nema a sa.

Kada mu ɗauka zancen na wasu ne can nesa, domin mu ma marubuta rukuni ne mai buƙata. Filin da ƙungiyar marubuta ta ANA take da shi a Mpape, Abuja, Mamman Vatsa ne ya ba ta a 1985 yana ministan babban birnin, shi kansa kuma mawaƙi ne. Filin jama'a ne aka ba wani rukuni, kuma ba mu ji marubucin da ya ce a mayar ba. Duk ranar da wakilanmu suka sa babbar riga suka tafi gidan gwamnati neman a ɗauki nauyin gasa, ko a sayi littattafai a kai makarantu, ko a gyara ɗakin karatu, kamun ƙafa suka je. Ba mu ga laifin zuwan ba. Tambayar da za mu yi musu in sun dawo ita ce wadda muke so a yi wa mutanen K Street: nawa aka bayar, littafin wa aka saya, wa ya zaɓa, kuma mai zaɓen yana da nasa littafin a cikin jerin ko babu?