Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Muhalli a Kan Giwa da Ƙudan Zuma

Ranka ya daɗe,



A watan Janairun 2024 aka niƙe hauren giwa tan 2.5 a nan Abuja, a watan Agusta kuma ma'aikatarka ta ƙaddamar da tsarin shekara 10 na kiyaye giwayen ƙasar nan, waɗanda aka ƙiyasta ba su haura 400 ba. Duka biyu abin yabo ne. Sai dai talakan da ke noma a gefen dajin Yankari, a ƙasar Alkaleri, wanda garke kan auka wa gonarsa cikin dare ya share masarar da ya yi damina yana wa hidima, ba zai taɓa ganin maslahar tsare dabbar da ta bar masa rumbu wayam ba, muddin hukuma ba ta fara tsare masa abincinsa ba.

Alhali kuwa Allah ya sanya maganin babbar halitta a cikin ƙaramar halitta. Giwa, duk da kaurin fatarta, tana matuƙar tsoron harbin ƙudan zuma a cikin hanci da gefen idanu, kuma a kan wannan ɗabi'a ne Dakta Lucy King ta ƙungiyar Save the Elephants ta gina dabararta a Sagalla, kusa da dajin Tsavo na Kenya: a rataye amya kowace mita 10 kewaye da gona, a haɗa su da waya guda, ta yadda da giwa ta taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, ƙudan ya fito a fusace. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna shingen ya mayar da kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkare shi, manomi kuma ya sami zumar sayarwa.

Amma fa akwai sharaɗi, domin amya in babu ƙuda ba ta fi tsoron gona ba. Fari ya sa ƙudan ya yi hijira daga amyoyi da yawa a Kenya. Mu kuma ga tsananin bazara, ga maganin feshi da ke hallaka shi. Wajibi ne a tanadi ruwa da inuwa da mai lura.

Roƙona shi ne, idan za a jarraba, kada a mai da abin kwangilar sayo akwatuna. Muna da masu ɗaurin amya da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, su ya kamata a fara nema, tare da hakimai da dagatai da gwamnatin Bauchi, wadda Yankari ke hannunta tun 2006. A ware kuɗin a cikin kasafi, a fara da gonakin bakin daji kafin damina mai zuwa.

Allah ya taimake ka. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Abuja