Daga Bakin Asusu: Ɗan barema da lissafin da ba mu yi

Damina ta kankama a Droum, kowacce hankalinta na kan gamanarta.

Tun da aka soma Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, mata sun iya lissafin zubi da bashi. Amma akwai lissafin da har yanzu ba mu yi. Da yawanmu yau mu ne masu ɗaukar ma'aikata: mu ci bashi a asusu, mu kira ƴan barema su nome mana gyaɗa ko riɗi. Muna ganin araha ce, tunda ba albashi ba ne, ranar da ya yi aiki kaɗai za a biya shi.

To, ranar da kike buƙatarsa, ranar kowa ke buƙatarsa. In ruwa ya sauka a watan Yuli ciyawa ba ta jiran kowa. Shi kuwa sai ya gama gonar gidansu, sannan ya bi wanda ya fi ba shi tsoka. Samarin ma sun ragu, wasu suna Kano, wasu sun bi hanyar Agadas tun da aka samu zinariya a Jado a 2014. Mace mai ƴar gamana ita ce ta ƙarshe a layi.

In kin biya da yini, sai a ja aikin. In kun yi jinga, sai a yi ta sauri a bar saiwar ciyawa, kwana kaɗan gona ta koma kamar ba a taɓa ta ba, ki sake biyan maimai. Ga furar rana, ga goro, duka daga aljihunki. Bara wata cikinmu ta ba da kuɗi tun kafin aiki, yaron ya tafi bai waiwayo ba. Ba mu ce duk laifinsa ba ne, shi ma ba wanda ya yi masa alkawarin aikin gobe. Amma bashin asusu sunanta aka rubuta, akuyarta ta sayar ta biya.

Abin da muka tsayar a ƙungiyarmu bana shi ne mu haɗu mu biyar-biyar, mu riƙe mutum biyu ko uku tun daga noman farko har cirar gyaɗa, suna zagaya gonakinmu bi da bi. Rabin kuɗi a gaban shaidu, sauran sai an duba aiki.

Ranar zubi mai zuwa kowacce ta zo da abin da ta kashe wa barema bara, har da kuɗin fura, magatakarda za ta rubuta.