Kafin Ka Sayi Jif Mai Kujeru Bakwai, Zauna Ka Yi Lissafi

'Yan'uwa ƙaunatattu, musamman ku da kuka yi aure ba da daɗewa ba, akwai maganar da nake so mu yi da juna tsakani da Allah. Da zarar an haifi ɗa na biyu, sai ka ji maigida ya fara zancen Highlander ko Honda Pilot 'yar Kwatano, mai layin kujeru uku. Ra'ayina shi ne, yawancinmu muna sayen motar ne saboda tafiya ƙauye a Disamba, alhali mota ta kullum ce, daga Litinin zuwa Lahadi.

Ka tambayi kanka: sau nawa a mako kujerun bayan nan za su cika? In amsar ita ce sai Kirsimeti da bikin aure, to ɗaukar shatar mota sau biyu a shekara ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma layin bayan na yara ne. Babban mutum ba zai ji daɗin zama a can daga Jos zuwa Yola ba. In ka ɗaga kujerun kuma, wurin kaya ya ƙare, buhun masarar da Mama za ta ba ka sai dai a ɗaura a sama.

Sai batun mai. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lissafi ya canza. Yawancin waɗannan motoci injin silinda shida ne, tankinsu kuma ya wuce lita 70. Ka ninka wannan da farashin lita a garinku yau, ka ajiye kusa da albashinka. Ka ƙara taya huɗu manya, baƙin mai, inshora da sabunta takardu. Kuɗin da ka ba dillali somin taɓi ne.

Ban ce kada kowa ya saya ba. Wanda yake da yara huɗu, ga tsohuwa a gida, ga hanyar unguwa da take lalacewa da damina, yana da hujja. Amma ko shi ya duba Sienna tukuna, domin ta fi faɗi a ciki kuma shiga bayanta ya fi sauƙi, sai dai ba ta kai jif tashi daga ƙasa ba.

In ka yanke shawara, kada ka tafi kai kaɗai. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. A sa mata kwamfuta, a tuƙa ta har inji ya yi zafi, a ji yadda giyarta take canzawa. Ɗaga kafet ka nemi laka ko tsatsa, domin wasu motocin ambaliya ce ta cinye su a Amurka kafin a yi gwanjonsu. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 za ta iya nuna maka tarihin motar a intanet. Ka tabbata takardun kwastam na gaskiya ne. In Pilot ce, ka tambayi yaushe aka canza taimin bel, domin in ya tsinke yakan lalata injin.

Abu na ƙarshe, ɗan'uwa, ka zauna da matarka kafin ka taɓa kuɗin adashi. Motar da za ta cinye kuɗin makarantar yara, ta sa ka riƙa ɓuya wa masu bin ka bashi, ba ta kawo wa gida hutu ba. Masu yi maka barka a bakin ƙofa ba za su zuba maka ko lita ɗaya ba. Ƙaramar motar da ba ta hana ka barci ta fi babbar da aka lulluɓe da tamfol a tsakar gida.

Allah ya ba mu hikima da wadar zuci. Amin.