Kusurwar Turanci: ƙotar gatari daban, mariƙin takobi daban

Wannan makon kalmomi biyu muka ɗauko muku, haft da hilt. Dukansu sunan wurin da hannu ke riƙewa ne a jikin makami, amma kowacce da gidanta.

Duk wanda ya tashi a Kalmalo ya san ƙota. Idan ta gatari ta tsage, ba sauran faskare sai an je wurin masassaƙi. To, ƙotar gatari da sandar mashi su Bature ke kira haft. Tsohuwar kalma ce, tushenta ɗaya da have, wato riƙe abu.

Hilt kuwa ta takobi ce da wuƙar yaƙi. In kun taɓa ganin Buzu ya ƙetaro daga Ƙonni zuwa kasuwar Illela da takobinsa a rataye (su takoba suke cewa, kun ji kusancin da tamu), ku tuna abin da ya leƙo daga kube: wurin damƙa, da ƙarfen da ya gitta don kare yatsu, da ɗan dunƙulen da ke can ƙarshe. Ukun nan a haɗe su ne hilt. Kalmar ta haura shekara 1,000 a bakin mutanen Ingila. Tana cikin tsohuwar waƙarsu Beowulf, inda ruwan takobin jarumin ya narke, mariƙin kaɗai ya kawo wa sarki.

Inda muke so ku buɗe ido shi ne karin maganar to the hilt, domin irinta WAEC da NECO ke son tambaya, a ce ku zaɓi ma'ana. Asalinta soka takobi har mariƙi, ba sauran ruwansa a waje. Ma'anarta ke nan: gaba ɗaya, ba ragi. In an ce we support our team to the hilt, goyon baya ne ɗari bisa ɗari. In kuwa aka ce mutum yana in debt up to the hilt, bashi ne ya yi masa katutu. Wanda ya zaɓi amsar da ta ambaci faɗa ko takobi ya zubar da makinsa a banza.

Wajen furuci kuma, kada ku ce "hilti". Ku tsaya cak a kan t, in ba haka ba mai sauraro ya ɗauka hill kuke nufi ko wani abu daban.

Aikin gida: jimla ɗaya da haft, biyu da to the hilt. Ku nuna wa malamin Turancinku kafin Juma'a.