KU ƘYALE GASHIN BAKIN POIROT YA HUTA

Yau dai babu labari, faɗa na zo yi, kuma da abokaina zan yi shi, waɗanda muke zama tare muna kallon finafinan binciken kisan kai na Turawa, irin waɗanda ake gina labarinsu a kan zamanin da ya shuɗe. Wanda duk ya ji kamar da shi nake, to da shi ɗin nake.

Kwanakin baya ne muka gama sake kallon shirin Poirot na gidan talabijin na ITV da ke Ingila, wanda David Suchet ya fito a matsayin mai binciken tun daga 1989 har zuwa 2013, kashi 70 cif. Ana kashe talabijin sai hira ta ɓarke, kowa ya shiga faɗin abin da zai yi in da shi aka miƙa wa alƙalamin ci gaban shirin. Wani ya ce shi ƙuruciyar Poirot zai koma a can Beljiyam, ya nuna mana uwarsa tana zane shi a kan ƙazanta, shi ya sa ya tashi da tsabar tsafta, ba ya iya ganin hoto a karkace jikin bango bai miƙe shi ba. Wani ya ce a'a, budurwar da ta yaudare shi har ya ƙi aure za a nuna. Na ukunsu, wanda ya fi kowa zaƙewa, cewa ya yi a ƙirƙiro masa ƙane da aka kashe ba a gano wanda ya kashe shi ba, wai baƙin cikin haka ne ya jefa shi aikin ɗan sanda.

Na yi shiru ina sauraro, sai na lura duk shawarwarin nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kowa ciwo yake nema. Babu ko mutum guda da ya yarda cewa mutum zai iya son tsari da tsafta don haka Allah Ya halicce shi, ko ya tsani kisan kai don kisan kai abin ƙi ne. Dole wai sai an taɓa dukansa, ko an yaudare shi, ko an kashe masa wani. Wai shin yaushe muka koma haka?

Abin da abokan nawa suka manta shi ne an riga an gwada shawarar tasu, da kuɗi masu yawa kuwa, mun kuma ga abin da ta haifar. A 2022 Kenneth Branagh ya fitar da fim ɗin Death on the Nile, shi ne darakta shi ne kuma Poirot. Kafin a kai mu Masar, kafin mu ga Kogin Nilu ko jirgin ruwan da za a yi kisan a cikinsa, sai da aka ɗauke mu zuwa fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a Beljiyam a 1914. Ga Poirot saurayi, soja, babu ko ƙwayar gashi a leɓensa, burinsa ya zama manomi. Bam ya tashi ya yaga masa fuska. Budurwarsa Katherine, ma'aikaciyar jinya, ta zo duba shi a gadon asibiti, ta ba shi shawarar ya tara gashin baki ya rufe tabon. Daga baya ita ma yaƙin ya ci ta. Shi ke nan, an ba gashin baki asali da tarihi! A ƙarshen fim ɗin kuma sai ga shi ya aske, wai alamar zuciyarsa ta fara warkewa.

To bari mu koma wajen mai kayan. Agatha Christie ta fara fito da Poirot a littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, wanda ya fito a 1920. Lokacin yaƙin take ba da labarin, kuma Poirot ɗin da muka tarar a ciki dattijo ne da ya riga ya yi suna a aikin 'yan sandan Beljiyam ya kuma bar aikin, yana zaune a wani ƙauyen Ingila tare da 'yan ƙasarsa a matsayin ɗan gudun hijira. A cikin littafin nan Sufeto Japp ya tuna cewa sun yi aiki tare tun a 1904 a kan wata shari'ar jabun takardu. Mutumin da yake gogaggen ɗan sanda a 1904, ta yaya zai koma saurayi mai mafarkin noma a 1914? Wannan ai shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Amma ni ba ma saɓanin shekarun ne ya fi damuna ba, domin mai fim yana da damar ya sauya abin da ya ga dama. Abin da ya dame ni shi ne abin da aka ƙwace mana. Gashin bakin Poirot a wajen Christie abin alfahari ne da son kai. Yana gyara shi, yana shafa masa mai, yana ganin duk duniya babu mai irinsa. Turawan Ingila kuwa da sun gan shi, ɗan guntun baƙo mai kai kamar ƙwai da Turanci a karkace, sai su raina shi, su saki baki a gabansa suna zuba, su faɗi abin da ko da wasa ba za su faɗa wa Japp ba. Wato gashin bakin nan da muke yi wa dariya kayan aiki ne, tarko ne. Ranar da ka ce mini tabo yake rufewa, ka hana ni dariyar, ka mai da mutumin da ke wasa da hankalin masu laifi ya zama majinyaci abin tausayi. Garin neman ƙiba an samo rama.

Kuma don Allah a duba, Christie ba rowar tarihi ta yi ba. Ainihin tarihin da ta ba shi ya fi na Branagh nauyi, domin ba ƙirƙira ba ne daga sama. Mutanen Beljiyam kimanin 250,000 suka tsere zuwa Birtaniya a lokacin wancan yaƙi, ita kanta ta ga wasunsu a garinsu Torquay, inda ta yi aikin jinya sannan ta koma ɗakin haɗa magunguna, a nan ta san sirrin guba. Matar da aka kashe a Styles, Emily Inglethorp, ita ce ta taimaka wa Poirot da 'yan'uwansa da matsuguni. Baƙo ne da aka yi wa alheri, aka kashe mai alherin, ya tashi biyan bashi. A 'yan layuka ta faɗi wannan ta wuce, ya kuma ishe ta rubuta littattafai 33 a kansa.

Yanzu ga wani tabon daban, ku auna su da kanku. A littafin Five Little Pigs na 1942, wanda ITV ta mayar fim a 2003, wata budurwa ce ta zo wajen Poirot a kan ya binciki kisan da aka yi shekara 16 baya. An sa wa mahaifinta Amyas Crale, shahararren mai zane, guba a abin sha, kotu ta kama mahaifiyarta Caroline da laifin, ta mutu a kurkuku, amma ta bar wa 'yarta wasiƙa cewa ba ita ta yi ba. Babu gawa, babu sawun ƙafa, babu komai sai mutum biyar da ke gidan ranar, kowa da yadda ya tuna abin. A cikin biyar ɗin akwai Angela, ƙanwar Caroline da suka haɗa uwa, mai tabo a kunci da ido ɗaya da ba ya gani. Caroline ce ta yi mata haka tun Angela tana jaririya, kishi ya ɗebe ta ta jefe ta da wani abu mai nauyi, ta kuma rayu da nadamar abin har ƙarshen ranta. Lauyan gwamnati ya ɗauki tabon nan hujjar cewa Caroline mace ce mai zafin zuciya da za ta iya kisa. Poirot ya dubi tabon nan dai ya gano dalilin da ya sa ta tsaya a kotu kamar gunki ta ƙi kare kanta. Ba zan faɗa muku wanda ya yi kisan ba, ku nemi littafin. Amma ku cire tabon Angela ku gani, labarin gaba ɗaya zai rushe. Ku cire tabon Poirot daga fim ɗin Branagh, wanda ya yi kisa a jirgin ruwa shi ne dai zai yi, a kuma gano shi ta hanyar da aka gano shi.

Nan ne gizo yake saƙar. Labarin bincike tun asali tonon baya ne, aikinsa ke nan. Ana farawa da gawa, a yi ta komawa baya har a iso ga ranar da aka shuka ƙiyayyar. Saboda haka tarihin da mai kallo yake bukata na mamaci ne da na waɗanda ake zargi, domin a cikinsa amsar take. Shi mai bincike fitila ce da muke haskawa da ita, in ka juyo da fitila tana haska fuskar mai riƙe da ita, ɗakin sai ya koma duhu. Minti goman da aka kashe a fagen yaƙin Beljiyam daga hannun fasinjojin jirgin aka ƙwace su, mutanen da ya kamata mu zauna da su mu san su har mu fara zarginsu ɗaya bayan ɗaya.

Na san abin da za a ce mini, an ma riga an faɗa a wajen zaman namu: to Endeavour fa? Gaskiya ne, wannan hujja ce mai ƙarfi, ba zan yi mata kwana ba. Colin Dexter ya fara rubuta Sufeto Morse na birnin Oxford a 1975, John Thaw ya fito a matsayinsa daga 1987 zuwa 2000, kuma Dexter ya ɓoye ko da sunan yanka na mutumin har sai a littafin 1996. Shekara 21 masu karatu suna cacar suna guda! Sannan a 2012 aka zo da Endeavour, aka koma samartakarsa daga 1965 zuwa 1972, Shaun Evans ya hau matsayin, aka yi ta yi har 2023, kuma shirin ya yi kyau, ni ma na kalle shi har ƙarshe. Sai dai a tambayi me ya sa ya yi kyau. Mutum ɗaya ne, Russell Lewis, ya rubuta shi daga farko har ƙarshe, kuma bai kawo wani bam guda da ya tashi ya mai da Morse mashayi mai kaɗaici a dare ɗaya ba. Kowane kashi kisa ne sabo da ake bincike, shi kuwa saurayin a hankali yake tsufa a gaban idonmu, yau ya rasa wannan gobe ya yi sake da wancan. Abin da ya fi riƙe mu ma ba Morse ba ne, maigidansa ne Fred Thursday, wanda Roger Allam ya fito a matsayinsa, tauraron da babu shi sam a tsohon shirin. Muka zauna shekara 11 muna tambayar me zai faru tsakaninsu har Morse ya tsufa bai taɓa ambaton sunansa ba. Sabuwar tambaya aka ba mu. Abokaina kuwa amsa suke so a ba su ga tambayar da daɗinta shi ne a bar ta a rufe.

Ita kanta Christie sau ɗaya ta zaunar da Poirot ya ba da cikakken labarin wani bincike daga zamanin aikinsa a Beljiyam, a gajeren labarin The Chocolate Box. Me ya zaɓa ya faɗa? Ranar da ya yi kuskure, ya ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ko da ta waiwaya baya, shari'a ta kawo mana, da gawa da shaidu da komai.

Dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi har da na gida. Matasanmu da dama sun fara gwada rubuta labarin bincike da Hausa, abin farin ciki ne ƙwarai. Amma mun taso da wata ɗabi'a a littattafanmu na soyayya, ana tsakiyar labari sai ka ga an tsaya an rubuta da manyan baƙaƙe wane ne Alhaji wane, ko wace ce wance, a koma kan kakansa da ya baro ƙauye da sanda da buta, a bi 'ya'ya da jikoki shafi ashirin. A labarin aure wannan yana da gurbi, don ba a ba da 'ya sai an binciki asali. A labarin kisa kuwa na karanta wani rubutu da aka ba ni in duba, an tsinci gawa a shafi na 4, ɗan sandan ciki ya iso a shafi na 6, daga nan aka shiga ba mu labarin yadda kishiyar uwarsa ta azabtar da shi har shafi na 40. Da aka dawo kan gawar wallahi na manta ko mace ce ko namiji.

Da abokan nawa suka matsa mini cewa to ni wace shawara zan kawo, na ce su ɗauko Hickory Dickory Dock na 1955 su ga yadda ake yi. Miss Lemon, sakatariyar Poirot, mace ce da ba ta taɓa kuskure a aikinta ba, kamar inji. Wata safiya ta kawo masa wasiƙa da kuskure uku a ciki. Ya tambaye ta lafiya, ta ce hankalinta yana kan 'yar'uwarta. Poirot ya yi sororo, domin duk tsawon zamansu bai taɓa kawowa a ransa cewa Miss Lemon tana da dangi ba. 'Yar'uwar tana kula da wani gidan kwanan ɗalibai a Landan inda ƙananan kaya suke ta ɓacewa, daga satar nan kuma aka gangara zuwa kisa. Kuskure uku a takarda, mun san Miss Lemon fiye da da, mun kama Poirot da rashin kula da mutanen da ke kusa da shi, ga kuma bincike ya buɗe.

Mai shawarar ƙanen da aka kashe ya ce zai karanta. Na ba shi aron nawa kwafin, yau mako uku ke nan bai dawo da shi ba.