Tsiron da ya kafa tarihi a tsibirin da rikicin nikel ya dabaibaye

A watan Mayun 2024 sunan Sabuwar Kaledoniya, tsibiran da Faransa ke mulka a tekun Pasifik, ya shiga kanun labarai sau biyu. Na farko tarzomar da ta ɓarke a birnin Numeya kan sauya dokar zaɓe, wadda ta ci rayuka fiye da goma. Na biyu wani ɗan tsiro ne da tsayinsa bai wuce taƙi ba.

Sunansa Tmesipteris oblanceolata, daga dangin tsirran da ba sa fure kuma ba sa 'ya'ya, sai dai su yaɗu ta wata ƙura mai laushi. Kakanninsa sun bayyana kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce. Masana daga lambun Kew na Ingila da Cibiyar Nazarin Tsirrai ta Basalona sun wallafa a mujallar iScience cewa kundin gadon halittarsa ya zarce na duk wani mai rai da aka taɓa aunawa: tubali biliyan 160, sama da ninki 50 na ɗan'adam. Da za a warware zaren DNA na ƙwayarsa guda, zai haura mita 100. Namu mita 2 ne kacal.

Sai dai wannan kambu kaya ne mai nauyi. Kafin kowace ƙwaya ta rabu biyu dole ta kwafe kundin kakaf, aikin da ke cin lokaci da sinadaran ƙasa. Shi ya sa irin waɗannan tsirrai ke girma a hankali, kuma ba su iya jure sauyin muhalli na gaggawa. Ga wannan tsiro, inuwa da danshin kurmi su ne rayuwa.

Kurmin kuwa yana shan matsi. Gobarar daji na cin gefensa, barewar da aka shigo da ita daga waje na cinye ƙananan tsirrai, haƙar nikel kuma ta daɗe tana kankare tsaunuka, a ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na tsirranta ba a samun su a ko'ina.

Wani zai ce durƙushewar kasuwar nikel hutu ce ga daji, musamman bayan kamfanin Glencore ya janye daga masana'antar Koniambo, aikinta ya tsaya a 2024. Lissafin bai kai nan ba. Ramin da aka bari ba ya daina zubar da jar laka a koguna, kuma kare muhalli a can alhakin larduna uku ne, waɗanda aljihunsu ya dogara da tattalin arzikin da tarzomar ta yi wa ɓarnar kusan yuro biliyan 2. Gwamnatin lardin da ke fafutukar biyan albashi da wuya ta sa mai gadin daji a sahun gaba. Muhawarar Paris da shugabannin Kanak kuwa ta fi karkata ga wa zai yi zaɓe da wa zai mallaki ma'adinan.