Yadda Ake Ƙwato Tsohuwar Tarakta Daga Bakin Tsatsa

Wannan makon za mu leƙa Ingila, inda wasu mutane ba su da abin sha'awa kamar su tsinci tsohuwar tarakta da ta shekara 40 a yashe a bayan gona, su tayar da ita. Wadda suka fi nema ita ce Ferguson TE20, 'yar ƙarama mai ruwan toka, wadda aka ƙera fiye da 500,000 a birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956. Da irinta Edmund Hillary ya keta ƙanƙara har ƙuryar kudancin duniya a 1958. Ƙanƙara ba ta kayar da ita ba, amma tsatsa tana cinye ta a tsaye.

Mun karanta a darasin kemistiri cewa ƙarfe ba ya tsatsa sai iskar oksijin da danshi sun haɗu a kansa. Abin da littafi bai cika faɗa ba shi ne tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma. Kumbura take yi, shi ya sa noti ke cijewa, fistin ya maƙale a cikin inji.

Cire ta ba wuya. Wuyar ita ce a cire ta ba tare da an taɓa lafiyayyen ƙarfen da ke ƙasa ba, don wani ɓangaren idan ya lalace, samun madadinsa sai an sha yawo. Buroshin waya yana kankare ta sama kawai. Feshin yashi da inji yana da sauri, amma ƙwaya kaɗan ta shige cikin injin, an jawo sabuwar cuta. Ruwa mai tsami, irin na lemon tsami, yana narkar da tsatsa, sai dai in an manta da ƙarfen a ciki, shi ma zai fara ci.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce ta lantarki. Ana cika bokitin roba da ruwa, a zuba sodar wanki kamar cokali guda a kowace lita 4. A tsoma ɓangaren da ya yi tsatsa, a tsoma wani tarkacen ƙarfe a gefe, kada su taɓa juna. Sai a ɗauko cajar batirin mota mai bolt 12: baƙar waya a jikin abin da ake son cetowa, jar waya a jikin tarkacen. Nan da nan ƙananan kumfa na iskar haidurojin za su fara tashi daga jikinsa suna ɓamɓare tsatsar. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta zama baƙin dauɗa da buroshi ke sharewa, tarkacen kuwa ya zaizaye.

To, ku lura da wayoyin nan. Duk wanda ya juya su, kayan tarihin ne zai zaizaye, tarkacen ya fito fes! Kuma haidurojin tana kama wuta, don haka a fili ake yi, nesa da ashana. Ba a sa gishiri a madadin soda. Kada wani ya gwada wannan sai tare da malamin kimiyya.

Da an fito da ƙarfen, a busar da shi a shafa mai ko fenti nan take, domin kafin a je a dawo ya soma yin ja. Ramukan da tsatsa ta riga ta haƙa kuwa suna nan, ba sa cikewa.

Mu ma muna da namu a gida. Tsofaffin injinan niƙa na Lista, asalinsu garin Dursley ne a Ingila, kuma da yawansu sun ƙare a hannun 'yan gwangwan a kan sikeli.

Aikin gida: ku samo ƙusa biyu masu tsatsa, ɗaya a ruwan lemon tsami, ɗaya a ruwan tsamiya. Ku duba su bayan kwana 2, ku rubuto mana wadda ta fi haske.